Dire Straits: gwanaye ne, ko kiɗan dattawa ne kawai?

Mai Garmaho:
Assalamu alaikum ’yan zaure. Jiya bayan isha'i na kunna waƙar "Telegraph Road" ta Dire Straits a falo. Autana da ya dawo hutu daga jami'a ya tsaya a bakin ƙofa kamar minti biyu yana saurare, sai ya ce, "Baba, wai yaushe za a fara waƙar ne?" Na ce ai tun ɗazu aka fara. Ya ce to shi dai bai ji komai ba, ya shige ɗakinsa. Waƙar minti 14 ce, shi kuwa kunnensa ya saba da ta minti biyu da rabi.

Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo shi nan. A ganina cikin ƙungiyoyin kiɗan rock na Ingila babu wadda aka tauye wa mudu irin Dire Straits. Sun sayar da faifai sama da miliyan 100, amma duk sanda masana kiɗa na Turai suka zauna jero gwanaye sai ka ji Led Zeppelin, Pink Floyd, Rolling Stones, Queen, su kuma a bar su can baya kamar ’yan rakiyar amarya. Ina son jin ta bakinku, musamman masu taɓa jita.

Abba Zep:
Wa alaikumus salam. Baba, da girmanka da komai, ni dai ina bayan autanka. Wannan kiɗan masu Marsandi ne da suka ƙoshi, suna tuƙi a hankali a kan titin GRA. Mark Knopfler, mawaƙinsu kuma babban mai jitarsu, ba ya ma rera waƙa, gunaguni yake yi kamar wanda aka tasa daga barci. Salon muryar na Bob Dylan ne, salon jitar kuma rabi na J.J. Cale ne. Ka saurari Jimmy Page ko Hendrix ka ji yadda ake fasa sama. Dire Straits ba su taɓa tsorata kowa ba, kuma rock ɗin da ba ya tsorata iyaye ai ya zama kiɗan ɗakin jiran likita.

Maman Ilham:
Kai Abba, "ɗakin jiran likita" kuma? Allah ya shirye ka.

Ticha Zariya:
Abba, maganarka ta Dylan da Cale akwai ƙamshin gaskiya, Knopfler kansa bai taɓa ɓoye waɗanda ya sha a wurinsu ba. Amma ka duba shekarar da suka fito. 1977 ce, a unguwar Deptford da ke kudancin Landan, daidai lokacin da Sex Pistols da Clash suke tashe, kowane yaro na ganin iya kaɗa jita abin kunya ne, ihu da yaga riga su ne gwaninta. A cikin wannan guguwar wasu mutum huɗu, Mark da ƙaninsa David, da John Illsley mai jitar bes, da Pick Withers mai ganguna, suka fito suna kiɗa ƙasa-ƙasa har mutane na iya hira a wurin da suke wasa. In ana neman wanda ya saɓa wa yayi a shekarar, su ne.

Sunan ma daga halin da suke ciki aka samo shi, ma'anarsa kusan "halin ƙaƙa-ni-ka-yi". Mark a lokacin yana da shekara 28, ya yi aikin jarida a Yorkshire Evening Post a Leeds, ya karanta Ingilishi a jami'ar garin, ya koyar a wata kwaleji a Essex. Karo-karon kuɗi suka yi suka ɗauki kaset ɗin gwaji mai waƙoƙi biyar, suka kai wa Charlie Gillett, mai wani shiri a BBC Radio London, don ya ba su shawara kawai. Shi kuwa sai ya saka "Sultans of Swing" a iska. Cikin watanni kaɗan kamfanin Phonogram ya ɗauke su. Faifan farko na 1978 bai ci fiye da fam 12,500 ba, kuma a 1979 waƙar ta kai ta 4 a Amurka, ta 8 a Ingila.

Ni abin da ya sa nake riƙe da su shi ne aikin jaridar nan bai bar Mark ba. Yawancin mawaƙan rock kansu suke waƙewa: ni ne wane, mata na bi na. Shi kuwa wasu yake kallo. "Sultans of Swing" labarin wasu makaɗan jazz ne da ya tarar a wata mashaya da dare ana ruwa, wurin kusan ba kowa, ’yan samarin da ke ciki ma ba su kula su ba, amma da suka gama sai suka sanar da sunan ƙungiyarsu da wata irin isa, wai su ne sarakunan kiɗa. Duk wanda ya san yadda marigayi Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya waƙe karen mota zai gane irin idon da nake nufi.

Abba Zep:
Ticha, tarihi daban, daɗin kunne daban. Na yarda ɗan jarida ne. To ya je ya rubuta labari mana.

Sarkin Tsirkiya:
Bari in shigo nan, don ni shekara tara ke nan ina fama da jita, kuma wannan mutumin ya taɓa sa ni ajiye ta wata biyu don takaici.

Abba, ka san ɗan robar nan mai kusurwa uku da kusan duk makaɗan rock ke riƙewa su karci tsirkiya? Knopfler ba ya amfani da shi. Babban yatsa, manuni da na tsakiya, su uku ke aikin, sauran biyun suna dafe da jikin jitar. Da roba tsirkiya ɗaya kake bugawa ko ka share su duka a jere. Da yatsu kana iya tsinko uku a lokaci guda, ka ja ɗaya ta sama ta dawo ta mari sandar da wani "ƙyas", ka danne wata da gefen hannu ta yi shiru. Shi ya sa jitarsa take kamar tana magana, tana haɗiye wasu kalmomi tana jan wasu. Sannan bahago ne da ya koyi kiɗa da dama, wato hannunsa mai ƙarfi shi ne a kan sandar, shi ya sa yake lanƙwasa tsirkiya biyu ko uku tare ba wahala.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba. Masu ƙure na'urar sauti har amon ya dusashe suna da wurin ɓuya, in yatsa ya zame hayaniya za ta rufa asiri. A faifan farko Knopfler da jitar lantarki samfurin Fender Stratocaster yake kiɗa, sautin tas kamar ruwan randa. Kuskure ɗaya kowa zai ji. Na zauna da ƙarshen "Sultans of Swing", wurin nan da yatsun ke ta zagaye da gudu, na rage saurinsa rabi a waya, ina bi ina maimaitawa har fatar manunina ta yi bororo ta fashe. Sautukan duk na samo su. Da na ɗauki kaina na saurara sai na ji kamar yaro na karanta allo da hadda, komai daidai, ba rai ko kaɗan. A nan na gane wuyar tana cikin nauyin da yake ba kowane bugu, wani ya shafa shi, wani ya tsunkule shi.

Shi da kansa ya ce a kan wata jitar ƙarfe ya fara tsara waƙar kuma ta yi masa lami, sai da ya sayi Stratocaster ’yar 1961 a shekarar 1977 sannan ta tashi.

Mai Garmaho:
Allah ya yi maka albarka, Sarki. Abin da nake ji a kunne shekara da shekaru ban san yadda zan faɗe shi ba, ga shi ka faɗa.

Injiniya:
Ni ina tsakiya. Faifai uku na farko, da "Love over Gold" na 1982, ba ni da ja. Inda muka raba gari da su shi ne "Brothers in Arms" na 1985, wanda shi ne kowa ya sani. Ku duba yadda aka yi shi. An tafi tsibirin Montserrat, sitidiyon AIR na George Martin, mutumin da ya shirya wa Beatles faifansu. Aka ɗauki sautin da na'urar dijital ta Sony, lokacin abin sabo ne fil. Aka ga kiɗan mai gangarsu Terry Williams bai yi ba, aka ɗauko Omar Hakim ya sake buga kusan duka cikin ’yan kwanaki, abin da aka bar wa Williams shi ne rugugin nan na farkon "Money for Nothing". Kamfanin Philips, wanda shi da Sony suka ƙirƙiro faifan CD, shi ya ɗauki nauyin yawon wasansu. Faifan ya zama na farko da aka sayar da miliyan ɗaya a CD, gaba ɗaya kuma ya haura miliyan 30.

To ni a nan nake ganin Abba ya taɓo wani abu. Faifan ya zama abin gwada sabuwar rediyo a kanti. Mutum ya sayi lasifika mai tsada, ya kira abokai, ya saka "So Far Away" don su ji yadda sautin ke fita ba ƙura. Gogewar ta yi yawa. "Walk of Life" kuwa, ku yafe mini, kiɗan tallar sabulu ce.

Maman Ilham:
Injiniya, kiɗan tallar sabulun nan da shi aka yi rawa a walimar yayata a Kaduna, kuma har tsofaffi sai da suka gyaɗa kai. Ba kowace waƙa ce za ta zo da carbi a hannu ba.

Ni ta wajen kalmomi zan yi magana, tunda ku maza kun tsaya kan tsirkiya da lasifika. Wanda ya ce Knopfler gunaguni yake yi bai zauna da "Romeo and Juliet" ta 1980 ba. Labarin saurayi ne da budurwar da suka taso a unguwannin talakawa daban-daban, ita ta samu ɗaukaka ta wuce, in an ambace shi sai ta yi kamar wani ne da ta taɓa sani sama-sama. Da mai babbar murya ne ya rera ta, yana kuka yana dukan ƙirji, da ta lalace. Namijin da aka yi wa haka ba ya ihu, ƙasa-ƙasa yake magana yana ƙoƙarin mai da abin wasa don kada a ga ciwon. Muryar ta dace da labarin. Kuma ku tuna mutumin nan ne ya rubuta "Private Dancer" da Tina Turner ta rera a 1984. Ya tsara ta ne lokacin "Love over Gold", ya ga kalmomin na bakin mace ne, bai dace namiji ya rera ba, ya ajiye. Marubucin da ya san wace murya ce ta dace da wace magana ai ba ƙaramin marubuci ba ne.

Abu Sumayya:
Jama'a ku ji tsoron Allah. Dattawa da furfura ana ta musu kan kiɗan Turawa.

Shugaban Zaure:
Malam Abu Sumayya, mun gode da nasiha, Allah ya saka. Wannan zauren dai na tarihin kiɗa ne, yana rubuce a ƙa'idojin shiga. A ci gaba cikin mutunci.

Ɗan Agadas:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban ce komai ba, amma maganar Abba ta "masu Marsandi" ta ba ni dariya har na kasa haƙuri. Ƙanena, ka zo Agadas ka faɗi haka. A wajenmu Dire Straits kiɗan direbobin manyan motocin hamada ne, da ’yan ci-rani da suka dawo daga Libiya da Aljeriya, da samarin da ba su da ko jaka guda a aljihu. Ina yaro, kaset ɗinsu yana cikin kowace Toyota da ke bin hanyar Arlit, an kwafe shi an sake kwafewa har sautin ya yi kamar daga cikin rijiya yake fitowa, sunan ma da biro aka rubuta, kowa da irin rubutunsa. Mafi yawan masu saurare ba sa jin Ingilishi ko kalma ɗaya. Jitar suke bi.

Kuma ba zancen baka ba ne. Bombino, makaɗin jitar nan da aka haifa a 1980 a yankin Agadas, ya sha faɗa cewa lokacin da iyalinsu suka yi gudun hijira saboda tawayen 1990, bidiyon Jimi Hendrix da na Mark Knopfler suke kallo shi da abokansa suna kwaikwayo. Wannan yaron shi ne ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar kyautar kiɗa ta Grammy, da faifansa "Deran" na 2018. ’Yan ƙungiyar Tinariwen ta Abzinawa ma, da suka fara haɗuwa a Tamanrasset wajen 1979, Dire Straits na cikin abin da suka saurara a kaset a zamanin da suke yawon neman aiki. Kiɗan nasu ai "ishumar" ake ce masa, daga kalmar Faransanci ta marasa aikin yi.

In ka je biki a garinmu bayan la'asar, za a shimfiɗa tabarmi a fili, a tada gurup, wato janareta a bakinku na Najeriya, a jona lasifika biyu da suka sha ƙura. Mata na gefe guda da lulluɓi suna tafi, maza da rawani a ɗaya gefen. Mai jitar zai tsaya cak, ba ya tsalle ba ya girgiza kai, babban yatsansa na kan tsirkiya mai kauri yana ta ba ta amo ɗaya, sauran yatsun na ƙasa suna zuba magana. Ranar da na fara ganin bidiyon Knopfler a Yamai, da ɗan ƙyallensa a goshi, ya tsaya shiru yana kallon yatsunsa, wallahi sai na ga kamar ɗan unguwarmu ne aka yi wa fenti.

Ticha Zariya:
Wannan ita ce maganar da ta fi duk abin da muka faɗa. Baba Mai Garmaho yana kukan Turawa sun tauye musu mudu, ashe gadon nasu ya tsallaka hamada.

Injiniya:
A yi hattara dai, kada mu ba Bature abin da ba nasa ba. Ɗan Agadas, ka gyara mini in na yi kuskure. Abzinawa suna da tehardent, mai tsirkiya uku kamar molo, da yatsu ake kaɗa ta tun kafin a haifi kakan Knopfler. Suna da imzad, gogen da mata ke ja, suna da tende da ake ɗaure fata a bakin turmi. Riƙe amo ɗaya da babban yatsa daga can ya fito. Ga Ali Farka Touré a Mali, ga marigayi Abdallah Oumbadougou a Nijar, waɗannan su ne malaman yaran kai tsaye. Turawan jarida suna son su ji an ce "Hendrix na hamada" ko "almajirin Knopfler" don shi ne abin da masu karatunsu za su gane.

Ɗan Agadas:
Gaskiyarka Injiniya, ban ce shi ya koya mana kiɗa ba. Abin da nake cewa, kaset ɗin Turawa iri-iri sun shigo, har da su Led Zeppelin na Abba. Me ya sa wannan ya zauna ya yi saiwa? Don kunnenmu ya riga ya san yaren. Yatsa a kan tsirkiya ba roba a tsakani, sauti a wanke, tafiyar kiɗan kamar ta raƙumi, ba gaggawa, ga fili tsakanin bugu da bugu. Akwai kuma kalmar da Abzinawa ke cewa "assouf", kewa ce haɗe da kaɗaici, irin wanda ke kama mutum in dare ya yi masa nesa da gida. Ka saka waƙar "Brothers in Arms" kanta, ba faifan ba, waƙar ƙarshe, ga mutumin da ya rasa ɗan'uwa a tawaye, ba sai ka fassara masa ba.

Amma yaran yanzu sun fara canzawa. Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, hayaniya yake so da gudu, ya fi kusa da su Van Halen. Abba zai so shi.

Abba Zep:
Mdou Moctar ai na daɗe da saninsa, "Afrique Victime" na cikin wayata tun 2021. To ka gani, Yaya, shi ya fasa sama. Amma na karɓi gyara kan Marsandi.

Mai Garmaho:
Ɗan Agadas ka tuna mini da nawa kaset ɗin "Brothers in Arms". A kasuwar Sabon Gari na saye shi a 1986, kwafi ne, hoton jitar ƙarfen nan da ke bangon ma ya fito dishi-dishi. Ina da fijo 504 a lokacin, ina yawan zuwa Jos. Wata rana mun wuce Saminaka, ana yayyafi, rediyon motar ta cinye zaren. Na tsaya gefen hanya na zaro shi a hankali kamar mai cire ƙaya, na sa biro a ramin ina naɗewa, inda ya tsinke na manne da jan farcen uwargida da na samu a aljihun mota. Daga ranar, duk sanda aka zo tsakiyar "Your Latest Trick", wurin da kakakin saksofon ke shigowa, sai sautin ya yi tuntuɓe ya wuce. Har yau in na saurare ta a waya kunnena na jiran tuntuɓen nan. Wani abokin aikina ya ari kaset ɗin a 1991, wai kwana biyu. Mun haɗu a ɗaurin aure bara, ban tada maganar ba, amma ban manta ba.

Game da waƙar "Brothers in Arms", lokacin yaƙin Falklands na 1982 tsakanin Birtaniya da Ajantina aka rubuta ta, da bakin sojan da ke mutuwa a fagen fama yake magana. A nan ya ajiye Stratocaster ya ɗauki Gibson Les Paul, sautin ya yi kauri yana ja. Sun kaɗa ta a filin Wembley ranar 11 ga Yuni 1988, a taron cikar Nelson Mandela shekara 70 yana kurkuku, Eric Clapton na tsaye a gefe yana riƙe musu jita ta biyu. Injiniya, wannan ma tallar sabulu ce?

Injiniya:
A'a Baba, wannan na cire mata hula. Ita da "Telegraph Road". Ta biyun ma ta fi taɓa ni, don a Kakuri na girma. Waƙar ta ɗauko hanya guda a jihar Michigan kusa da Detroit, tun tana daji mutum ɗaya ya kafa bukka, aka zo da coci da makaranta da lauyoyi, jirgin ƙasa ya iso, masana'antu suka tashi, sannan aiki ya ƙare mutum ya je bakin ƙofa ya tarar an rufe. Duk wanda ya ga masaƙun Kaduna lokacin da ake busa ƙahon canjin aiki mutane na fitowa kamar tururuwa, ya kuma ga yadda ciyawa ta cinye harabar yanzu, ya san wannan labarin. Minti 14 ɗin ma ba su isa ba.

Abba Zep:
To ni ga tambayata ta ƙarshe, kuma ba tsokana ba ce. Wannan ƙungiya ce ko mutum ɗaya da ’yan amshinsa? Zeppelin mutum huɗu ne, da mai gangarsu John Bonham ya rasu a 1980 suka ce shi ke nan, ba za a iya ba sai da shi. Dire Straits kuwa ƙanin Mark ma ficewa ya yi.

Ticha Zariya:
Nan kam ka kama su. David ya fita ana tsakiyar ɗaukar "Making Movies" a 1980, bayan saɓani da yayansa, sunansa ma bai fito a faifan ba. Pick Withers ya tafi a 1982. Daga farko har ƙarshe mutum biyu ne kawai ba su canza ba, Mark da Illsley. Kusan duk waƙoƙin Mark ne ya rubuta. Ni ma ina ganin tafiyar Withers ta rage musu wani abu, hannunsa mara nauyi ne, ya san inda zai yi shiru. Bob Dylan da kansa ya ɗauke shi tare da Mark suka yi masa kiɗa a "Slow Train Coming" a 1979, wanda kuma amsa ce ga zancenka na farko: wanda ka ce an kwaikwaya shi ne ya aiko a kira masa mai kwaikwayon, har ya ba shi shirya "Infidels" a 1983.

Amma ka ba Mark abu ɗaya. Da abin ya yi girman da ya fi ƙarfinsa, sauka ya yi. Yawon 1985 zuwa 1986 wasa 248 suka yi, har dare 21 a zaure ɗaya a Sydney. Bayan "On Every Street" na 1991 suka sake wani dogon yawon, wasan ƙarshe a Zaragoza ta Sifaniya a Oktoban 1992, a 1995 ya rufe shagon. Tun daga nan an sha yi masa tayin komawa ya ƙi. A 2018 aka shigar da su zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame, bai ma je ba, Illsley ne ya hau ya gabatar da su da kansa. A Janairun 2024 ya kai jitocinsa da na'urorin ƙara sauti sama da 120 gwanjo a Christie's ta Landan, aka tara sama da fam miliyan 8, ya ware kashi ɗaya cikin huɗu na sadaka.

Maman Ilham:
Ni rashin zuwan nan bai burge ni ba. Mutanen da suka yi maka wahala shekara da shekaru, ranar farin cikinsu ka bar su tsaye su kaɗai kamar marayu. Ko ba ka son taron ai ka je don su.

Sarkin Tsirkiya:
Anti, nan ba ni da abin kare shi.

Abin dariya biyu kafin in tafi masallaci. "Money for Nothing" da ta yi mako uku tana ta ɗaya a Amurka, a wani kantin sayar da firji da talabijin a New York ya tsince ta. Wani ma'aikacin wurin ne ke kallon MTV, tashar talabijin ta waƙoƙi, yana zagin mawaƙa, wai suna cin kuɗi a banza shi yana dakon kaya, Mark ya ari takarda ya zauna yana rubuta abin da mutumin ke faɗa. Wato waƙar da ke yi wa MTV ba'a ita ce aka buɗe MTV ta Turai da ita ranar 1 ga Agusta 1987. Na biyu, masu tonon ƙasusuwan halittun da suka shuɗe sun samo wani dinoso a Madagaska suka raɗa masa Masiakasaurus knopfleri a 2001, don kiɗansa suke ji suna tono. Abba, ga makami na ba ka kyauta.

Abba Zep:
Hahaha, dinoso! Na gode Sarki, wannan zan riƙe shi har abada. Baba ka ji, kimiyya ma ta tabbatar.

Mai Garmaho:
Ɗan nema. To ga aikin gida, kai da autana. Ku bar faifan sitidiyo, ku nemo "Alchemy", wasan da aka ɗauka a zauren Hammersmith Odeon na Landan a Yulin 1983. "Sultans of Swing" ta can ta kusa minti 11. A saurara da abin toshe kunne, ba a lasifikar waya ba, kuma kada a taɓa komai har ta ƙare. Gobe ina jiran rahoto.

Abba Zep:
Baba, ina kwana. Na yi aikin gida, sau biyu ma. Minti huɗun ƙarshe, inda kiɗan ya lafa kamar zai mutu sannan ya dinga hawa, na yarda, tsigar jikina ta tashi. Amma wanda ya tafi da ni mai gangar ne, kamar zai farfasa su. Na duba, ashe Terry Williams ne, wanda Injiniya ya ce an ture gefe a Montserrat. Ticha kuma yana kukan mai hannu mara nauyi. Muryar dai har yanzu gunaguni ce.

Ticha Zariya:
Williams a wannan waƙar ya cika wuri da yawa, ta Withers ta 1978 ta fi numfashi. Amma wannan musun na wani zaren ne.

Ɗan Agadas:
Akwai bidiyon wani biki a wayar ƙanena, wani yaro da bai wuce shekara 16 ba ya ɗauko ƙarshen waƙar nan ya juya ta zuwa takamba, kiɗan rawar Abzinawa, mata na guɗa. Rezo ba kyau yau, in ya dawo da dare zan turo. Baba Mai Garmaho, shi autan me ya ce?

Mai Garmaho:
Bai tashi daga barci ba tukuna.